Inna Haulatu da Sharar Duhuwa

Duk wanda aka haifa a Tudun Sabara, wani ƙauye a ƙasar Sandamu, in dai furfura ba ta fara fito masa ba, to hannun Inna Haulatu ne ya riga na uwarsa taɓa shi. Ita ce ungozomar garin. Gajeruwa ce mai saurin tafiya da saurin baki, kuma Allah ya yi ta ba ta iya ganin abu a karkace ta wuce shi. Matan gari suna tsokanarta cewa in ta shiga gidan haihuwa, tsintsiya take fara nema kafin ta nemi mai naƙuda. Ba ta musu. Cewa take ita ba za ta karɓi ɗan mutum a cikin ɓawon gyaɗa da kashin kaji ba.

'Yar ƙasar Baure ce, aure ya kawo ta. Mijinta, Malam Mahdi, fataucin awaki yake yi tsakanin ƙauyuka da kasuwar Daura, mutum ne mai sanyin hali wanda bai taɓa kayar da ita a gardama ba, don bai taɓa gwadawa ba. A lokacin uwar mijin ce ke riƙe da ungozomanci. Tsohuwar ta lura cewa matar ɗanta ba ta tsoron jini, kuma duk surutunta ba ta fitar da abin da ta gani a ɗakin wata, sai ta fara tafiya da ita gidajen haihuwa. Da ta ga ta kama hanya, wata safiya ta ce mata ta ɗauko ƙwarya da 'yar adda, ta kai ta Duhuwa.

Duhuwa wani yanki ne na daji a gabashin gari, a cikin kwari, inda ruwan damina ke kwanciya ya daɗe bai ƙafe ba. Ba gonar kowa ba ce. Tun kaka da kakanni aka bar ta haka, sarƙaƙiya ta nannaɗe itatuwa har rana ba ta kai wa ƙasa sosai, shi ya sa sunan ya bi ta. Akwai kanya da ɗinya da aduwa da marke manya-manya, ƙarƙashinsu sabara da geza da kalgo da magarya sun cushe, yaɗiya na hawa duk abin da ta samu. Zabin daji da makwarwa a nan suke yin ƙwai. Ga cilakowa da hasbiya, ga bushiya da damo da zomo, har da wasu ƙananan tsuntsaye masu zuwa bayan damina su tafi, waɗanda ba wanda ya damu ya sa musu suna. Duk ƙasar da ke kewaye gatari da garma sun cinye ta ta zama gona. Duhuwa kaɗai ta rage.

A nan tsohuwar ta nuna mata rabin aikin da ba a koyo a ɗaki: wane ganye ake tafasa wa mai jego, wace saiwa ake jiƙa wa wadda nono ya ƙi zuwa, wane ɓawo ake sassaƙa, kuma ta wane gefe don kada itacen ya mutu. Bayan tsohuwar ta rasu aikin ya zama na Haulatu. Ba ta taɓa ɗaukar kanta likita ba. In haihuwa ta zo da gardama, ita ce ke fara ihun a nemo mota a tafi asibiti, ta kuma wanke mijin da ya tsaya jan ƙafa tas a gaban ƙannensa. In ta zo da sauƙi, ta yanke cibiya, ta yi wa jariri wanka, ta yi ta zirga-zirga safe da yamma har ranar suna, a ba ta rabonta na nama da ɗan hatsi da sabulu.

Wannan ba ya riƙe gida. Bayan Malam Mahdi ya rasu, Duhuwa ce ta riƙe mata tukunya. Da damina ta tsinko tafasa da yaɗiya ta yi kwaɗo 'yan gari su saya, in lokacinsu ya yi ta kwaso kanya da magarya da aduwa ta aika kasuwa. 'Ya'yanta maza biyu da ke Kano sun yi sun yi ta koma wurinsu ta huta. Ta ce su fara nemo mata inda sabara ke fitowa a kan kwalta, sannan a yi maganar.

Kada a ɗauka wai daɗin kallon daji take ji. Ko kusa. Kullum ta dawo sai ta zagi ƙayar da ta yage mata zane, ta tsine wa macijin da ya gitta mata. A wurinta Duhuwa kamar madafi take: daga nan abinci ke fitowa, amma ba wurin nuna wa mutane ba ne. Haka duk garin suka ɗauke ta, don haka suka tashi suka tarar.

Ana nan sai kamfanin wutar sola ya zo. Yana neman fili mai faɗi da zai jera farantan nan masu kama hasken rana su mai da shi lantarki. Filin da ba gona ba a Tudun Sabara biyu ne. Akwai Duhuwa a gabas, kusa da titi da manyan turakun wuta. Akwai kuma Fako a yamma, wani busasshen tudu mai tsakuwa da ko akuya ba ta ɓata lokacinta a kansa, ga shi nesa da hanya. Kamfanin yana da ƙa'idar da masu zuba masa jari suka ɗora masa: ba zai kafa komai a wurin da ke cike da tsirrai da namun daji ba, kuma dole ya ware wani wuri ya kiyaye halittun da ke cikinsa. Ƙa'ida ce mai kyau. Da an bi ta tsakani da Allah, da farantai sun tafi Fako, Duhuwa ta zauna. Amma duk wannan bayanin sai daga baya mutanen gari suka ji shi.

Abin da suka ji a lokacin shi ne abin da wani jami'in kamfanin ya faɗa wa Mai Unguwa Dabo. Saurayi ne mai farin gilashi, Bahaushe ɗan'uwansu, ba za a ce harshe ne ya raba su ba. Ya tsaya a ƙofar gidan Dabo ko motar bai kashe ba, ya sauke gilashin taga rabi.

"Mai Unguwa, ranar Laraba mai zuwa manya za su zo duba Duhuwar nan taku. In ta yi musu, a bar muku ita, har a riƙa kula da ita. In ba ta yi musu ba, a nan za a kafa aikin."

"To madalla. Allah ya kawo su lafiya."

Shi ke nan, mota ta juya. Jami'in bai ga dalilin ɓata yawunsa ya faɗi abin da manyan ke son gani ba. Shi kuma Dabo ya ji nauyin tambaya, kada yaro ya ɗauka mai unguwa guda bai san yadda wuri ke yin kyau ba. Maganar da ba za ta kai shan kofin ruwa ba ita ce ba a yi ba, alhali abincin tsohuwa da sana'arta a kanta suka rataya.

Dabo ɗan ƙanin Malam Mahdi ne, don haka Inna yake ce mata, ita kuma a gaban mutane ta ce Mai Unguwa, in rai ya ɓaci ta ce Dabo. Da yamma dattawa suka taru a zaurensa ana shawara. Ita shekaru sun ba ta damar tsayawa a bakin zaure ta sa baki, kuma ta sa.

"Kuna ta cewa a yi addu'a, a yi addu'a. Addu'a za a yi. Amma ni na fi ku shiga wurin nan. Wallahi in baƙo ya gan shi yadda yake, cewa zai yi ba mutane a garin. Ƙaya ta ko'ina, ba hanyar da mai takalmi zai bi, ga macizai. Mutumin da ya fito daga ofis, me zai gani ya ce a bar mana? Mai Unguwa, a kira gayya a gyara shi."

Wani dattijo ya ce, "To Inna, ganyen naki fa?"

"Sabara ce za ta mutu don an sare ta? Ku ba kowace shekara kuke sassabe ta a gonakinku ba, ta fasa fitowa? Manyan itatuwa dai kada a taɓa. Na ƙasa kuwa kafin damina ta tsaya sun dawo. Mu fita kunyar baƙi, wurin ya tsira, shi ke nan."

Ba wanda ya ga aibin maganar, don ba wanda bai tashi a kanta ba. In wani babba zai wuce, share bakin titi ake yi a shafa wa duwatsu farar ƙasa. In za a kawo amarya, daɓe ake yi. In mai duba makarantu zai zo, yara sun yini suna cirar ciyawa ke nan. Dattawa suka ce Inna ta yi magana, aka shafa fatiha aka tashi.

Ranar Litinin da sassafe aka buga ganga. Ƙarshen damina ne, an gama yankan gero, hannu ya samu sarari, gari kaf ya fita. Maza da adda da gatari da lauje, mata da tsintsiya da manjagara, Inna Haulatu a gaba ta ci ɗamara da gyale tana ba da umarni. Aka sare sarƙaƙiyar da ta girmi kowa a garin, aka janyo ta ƙasa. Aka kwantar da sabara da geza da kalgo. Aka datse ƙananan rassa don kada su taɓa hular baƙo. Sheƙunan tsuntsaye da ke reto a bakin tafki ta ce sun yi kama da tsummokara, a kakkaɓe su. Ganyen da ya taru a ƙasa tun zamanin da ba wanda ya sani, baƙi, mai laushi, mai ƙamshin ruwan farko, mata suka tattara shi tsibi-tsibi aka cinna masa wuta.

Zabi suka tashi gaba ɗaya suka nufi arewa. Ƙudan zuma ya bar kogon marke saboda hayaƙi. Samari suka samu damo da zomo, aka yi ta ihu, ranar an ci nama a gidaje da yawa. Macizan da aka kashe aka rataye su a reshe, Inna Haulatu ta bi su da kallo ta ce alhamdu lillahi, yau ta rama.

Ranar Talata aka ƙarasa. Aka fitar da miƙaƙƙiyar hanya daga titi har bakin tafki, aka jera mata duwatsu, aka shafa wa gindin kowane itace farar ƙasa zuwa ƙugu, irin na harabar sakatariya. Da la'asar ta tsaya a bakin wurin, bayanta na ciwo, tafin hannunta ya yi bororo, ta hango ƙarshen Duhuwa daga farkonta, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka kawo ta garin. Daɗi ya kama ta sosai. Ta ce ko wane ne zai zo, ya zo.

Laraba da hantsi motoci suka iso. An shimfiɗa tabarmi a inuwar kanya, an dama fura da nono mai kyau, mata sun sha kwalliya. Manajan aikin ya fito, babban mutum mai fara'a, tare da masu ɗaukar hoto. Daga motar baya wata matashiya ta sauko sanye da takalmin shiga daji, madubin hangen nesa rataye a wuyanta. Ita ce Dakta Firdausi, masaniyar tsirrai da tsuntsaye da kamfanin ya ɗauko ta duba wurin ta faɗi abin da ke cikinsa. Ta taɓa hango Duhuwa daga titi tana wucewa, kuma tun a mota take ba abokan tafiyarta labarin abin da za su gani.

Ta ɗan taka kan sabuwar hanyar sai ta tsaya. Ta dubi fararen gindaye, ta dubi tokar da har yanzu ke hayaƙi. Ta durƙusa ta taɓa kututturen geza, ɗanye sharaf. Ta daɗe a haka. Inna Haulatu ta ɗauka ko jiri ne ya kama ta, ta matso da ƙwaryar fura.

"Sannu da hanya, 'yata. Ga ruwa."

"Inna, wa ya yi wannan aikin?"

"Mu ne mana. Gari duka, saboda ku." Ta faɗa tana murmushi, tana jiran a sa musu albarka.

"Saboda mu?" in ji Firdausi. "Inna, abin da kuka sare shi muka zo gani. Ciyayin nan da ƙayar da sheƙunan, su ne za su hana a taɓa wurin. Da na tarar da su na rubuta, kamfani ba shi da ikon kafa komai a nan. Ba wanda ya faɗa muku?"

Inna Haulatu ta juya ta nemi saurayin mai farin gilashi. Yana can bayan mota yana danna waya. Ta nemi Dabo. Dabo ya sunkuyar da kai yana gyara bakin tabarma da ƙafa.

"Zai fito," ta ce. "Wallahi zai fito. Ku dawo bayan damina ku gani."

"Na sani, Inna. Na san zai fito."

Firdausi ta tafi wurin manajan. Inna Haulatu ba ta jin Turanci, amma ta san fuskar mai roƙo, ta kuma san fuskar wanda ya riga ya yanke shawara. Matar tana nuna kututture, tana nuna toka, tana ɗaga hannu. Manajan yana gyaɗa kai cikin ladabi, idonsa na kan turakun wutar da ke tsaye a bakin titi, ga su nan kusa. Daga ƙarshe ya juyo ya yi wa jama'a magana da Hausa. Ya yaba tsaftar garin, ya ce bai taɓa ganin mutane masu haɗin kai irin wannan ba. Ya ce su yau aka ba su su duba, kuma abin da ido ya gani yau shi za a rubuta. Aka sha fura, har aka nemi ƙari.

Bai yi ƙarya ba, abin takaicin ke nan. An rubuta abin da aka gani: fili mai itatuwa jefi-jefi, ƙasa a share, ba tsuntsu ba dabba. Amma ai ya ga toka tana hayaƙi. Ya ga sara ɗanye. Wadda aka ɗauko don ta sani ta faɗa masa a kunnensa. Dajin da ya shekara aru-aru aka yi masa shari'a a hantsi ɗaya, kuma hantsin da ya fi yi wa kamfani sauƙi. Da a ce Fako ce kusa da titi, da an samu haƙurin jira komai daɗewa, har a yi ta tallar haƙurin a rediyo.

Baƙi na tafiya Inna Haulatu ta faɗa gidan Dabo, ko sallama ba ta gama ba.

"Dabo, yaro ya zo ya faɗa maka rabin magana, bakinka ciwo yake da ba za ka tambayi sauran ba?"

"Inna, ke fa kika ce a yi gayya."

Wannan ce maganar da ta fi ci mata rai, don gaskiya ce, kuma ba a gidan Dabo kaɗai ake faɗinta ba. Waɗanda suka fi kowa ihu ranar da aka kama damo, su ne yanzu ke cewa a bakin rijiya tsohuwa ta jawo wa gari. Tana jin su, ta ɗebi ruwanta ta wuce.

Sabara kuwa ba ta ba ta kunya ba. Ko ɗigon ruwa bai sake sauka ba, amma ba a jima ba kowane kututture ya fitar da toho, kore shar. Kullum da safe tana can tana korar awaki. A nan Firdausi ta same ta wata rana, ta zo ita kaɗai a motar haya, ba da sunan kamfani ba. Suka zaga tare, tsohuwa na nunawa tana faɗin sunan kowane toho, matashiyar na ɗaukar hoto. Firdausi ta ce ta rubuta nata bayanin daban ta aika, ta kira waya ta sake kira, za ta kuma aika waɗannan. Ba ta yi mata alkawarin komai ba, kuma Inna Haulatu ta ga girmanta a kan haka. Daga baya labari ya zo cewa kamfanin ya gode mata, bai kuma sake nemanta ba.

Da Inna Haulatu ta ga shiru ya yi yawa sai ta tsinko dami guda, sabara da geza da kalgo, ta naɗe a jiƙaƙƙen zane, ta hau babur zuwa Daura, inda kamfanin ya kama wani gida ya mai da shi ofis. Ta zauna a kan benci tun hantsi har aka kira azahar. Da saurayin mai gilashi ya fito, ta kwance zanen a gabansa.

"Ɗana, dubi. Na ce muku zai fito. Ka kira manyanka su zo su sake dubawa."

"Inna, an riga an gama wannan maganar. Komai ya tafi sama."

"To kai da ka zo, me ya hana ka ce mana kada mu taɓa?"

"Ai ban ce ku taɓa ba, Inna."

Ya sa aka kawo mata lemo mai sanyi. Ta bar shi a kan bencin, ta naɗe ganyenta ta fito.

Da bazara katafila ta zo. A lokacin tohon ya kai gwiwa, har makwarwa ta fara dawowa, amma ba mai hoto ko ɗaya da ya zo ranar. Aka tumɓuke ɗinya da aduwa da marke da farar ƙasarsu a gindi, aka tono saiwar sabara aka tara gefe, aka cike tafkin. Mata suka yi ta jidar itace, kowace ta cika bayan ɗakinta. Ita ba ta ɗauki ko tsinke ba. Ta tsaya daga nesa har aka kayar da babbar kanyar, sannan ta koma gida ta kwanta da rana tsaka, abin da ba a san ta da shi ba.

Fako kuma aka kewaye ta da waya, aka ce ita ce wurin kiyaye halittu. Aka haƙa ramuka a jere a cikin tsakuwa, aka dasa darbejiya, itacen da ke ƙofar gidan kowa, tankar ruwa na zuwa tana ba su sha. Har mai gadi aka sa don kada akuya ta shiga ta yi wa halittun ɓarna, akuyar da dama ba ta taɓa sha'awar wurin ba.

A faɗi gaskiya, garin ya samu abin da ya samu. An sa fitilu a masallaci da bakin kasuwa, samari sun samu aikin wanke farantai, an daina kai waya caji Sandamu. Inna Haulatu ba ta taɓa cewa wuta ba ta da amfani ba. Ita da ta sha karɓar haihuwa da aci-bal-bal ta fi kowa sanin darajar haske. Abin da ta kasa haɗiyewa shi ne, da an samu wutar an kuma bar Duhuwa, tun da ga wani filin can a kwance. Ba a rasa komai ba sai wanda zai buɗe baki ya yi bayani, da wanda zai ɗan jira.

Yanzu in an yi haihuwa darbejiya take tafasawa kamar kowa. Saiwar da take jiƙa wa masu jego sai ta ba da saƙo a sayo mata busasshiya a kasuwar Daura, ta juya ta, ta sansana, ba ta san inda aka tono ta ba balle yaushe. Kwaɗon tafasa ya tsaya, kanya da magarya sun tsaya. 'Ya'yanta ke aiko mata da abin cefane, ita da ta saba cusa musu ƙullin aduwa a jaka in sun zo gaisuwa.

Da aiki ya kammala aka sa ranar buɗe tashar wutar. Aka kafa rumfuna a bakin ƙofa, aka kawo lasifika, baƙi suka zo daga nesa, har da masu jarin. Dabo ya aiko a ce mata kamfani na son dattawan mata a kujerun gaba. Da farko ta ce ba za ta ba. Sai kuma ta sake shawara, don ta daɗe tana tsara magana a ranta, kuma ba ta ga inda za ta same su duka a wuri ɗaya ba in ba nan ba. Ta sa zanenta na Sallah ta tafi.

A gefen ƙofar an kafa wani babban allo lulluɓe da ƙyalle. Manajan ya yi jawabi da Turanci, ya maimaita da Hausa. Ya ce kamfaninsu ba ya wasa da muhalli. Ya ce sun yi bincike, sun zaɓi wurin da babu rai a cikinsa don kada su cutar da ko tsuntsu ɗaya, sun kuma je sun raya mataccen tudu. Sannan aka yaye ƙyallen.

Hotuna biyu ne manya. Na dama, tsirran darbejiya a jere. Na hagu, wurin tashar kafin a fara aiki: fili fetal, itatuwa jefi-jefi da fararen gindaye, a gefe kuma ga wata gajeruwar tsohuwa tsaye da ƙwaryar fura a hannu, tana murmushi har kunne. Jama'a suka fara nunawa suna dariya. "Ga Inna! Inna a allo!" Shaidar da aka kafa a bakin titi cewa Duhuwa ba ta taɓa zama komai ba, da fuskarta aka ƙawata ta.

Ba ta san lokacin da ta isa gaban rumfar ba. Manajan ya gane ta, ya yi murna, ya miƙa mata abin magana da hannu biyu ya ce ga uwar gari za ta ce wani abu. Maganar na nan a bakinta a shirye, kuma ga waɗanda ya kamata su ji ta a zaune.

Dabo ya matso gefenta kamar mai gyara mata wayar abin maganar, ya yi ƙasa da murya.

"Inna, don Allah. Baƙi ne fa. Daga nesa suka zo."

Ta dube su. Suna zaune a inuwa, hannuwa a kan gwiwa, suna yi mata murmushi, wasunsu har da furfura. A garinta suke. Tun tana yarinya a Baure ba ta taɓa ganin an ci fuskar wanda ya tako ya zo ba, kuma ba ta san ta inda ake farawa ba. Ta kai abin maganar bakinta.

"Sannunku da zuwa," ta ce. "Allah ya mai da ku gida lafiya."

Aka yi tafi sosai, wata ta rangaɗa guɗa. Ta miƙa abin maganar, ba ta koma kujerarta ba. Ta bi gefen shingen tashar ta nufi gida, tana tafe tana kukan haushin kanta, lasifika na bin ta da godiyar kamfani ga mutanen Tudun Sabara.